Takalmin Saje a Ƙofar Fatoma

Saura wata uku a sallame mu daga soja aka kira mu ofis ɗaya bayan ɗaya. 'Yan shekaru ne kafin a ba mu mulkin kanmu, manyan hafsoshi duk Turawa ne. Na shiga, na buga ƙafa, na sara. Wani kyaftin ne yaro wanda ko gemu bai gama tsiro masa ba, ga akawu a gefensa yana yi masa tafinta. Tambaya ɗaya ce: in ka fita me za ka yi?

Na ce fataucin kifi.

Akawu ya duba takardar da ke gabansa ya ce babu wannan. Gida uku ne a takardar: noma, sana'ar hannu, sai aikin albashi, wato masinja ko gadi ko ɗan doka. Na ce ni dai kifi na ce. Ya ce, "Kofur, akwai mutane a bayanka." Ya tambayi inda zan sauka, na ce Yerwa, wurin dangin matata. Ya ce ba a noma a cikin birni, wane gari ne kusa? Na ce na kan ji matata tana ambaton Konduga, can kakarta take. Shi ke nan ya rubuta. Littafin sallamata yana nan cikin akwati har yau, abin da ke ciki kuwa shi ne manomi, Konduga. Ban taɓa riƙe fartanya a garin ba.

Sati biyu suka zaunar da mu a ƙarƙashin rumfa, wani malamin gona yana koya mana haɗa taki a rami. Masu gona a cikinmu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Shekara goma sha biyu suna koya mini yadda zan tsaya, da yadda zan taka, da inda zan kai idona in babba yana magana. Ba wanda ya ɗauki rabin yini ya ce mana, ku saurara, duk abin da muka koya muku na girmamawa, a waje rashin kunya ne. Sun sani. Akawun nan ya sani, shi kullum yana fita gari. Wannan ban yafe ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in yafe ba.

Ni ban jira su tsara mini rayuwa ba. A sito nake aiki, ni ke karɓar kayan abinci da barguna da takalma in rarraba. Wanda ke kawo mana banda wani ɗan kudu ne, Kirista, mutum mai son hira. Daga bakinsa na san hanyar kifin nan tun daga ruwa: masunta su kama a tafkin Chadi, a banda shi a bakin ruwa, a ɗauro shi cikin tabarmi zuwa Yerwa, daga nan motoci su kwashe shi kudu. Ƙanensa yana da kanti a kasuwar Yerwa. Ya ce mini in har zan iya samun kifin daga hannun farko, ƙanen zai riƙa karɓa. Sai dai hannun farko yana da ƙofa ɗaya tak. Mutanen tafki ba sa sayarwa a kasuwa. Gidan fatoma suke sauka, wato mai masaukinsu, shi ke ba su ɗaki da abinci, shi ke tsaya musu a ciniki. Ba mai taya kifinsu sai wanda fatoma ya yarda ya zauna a kan tabarmarsa. In ka samu wuri a tabarmar nan ka zama ɗan kasuwa. In ba ka samu ba, sai ka saya a hannun na uku, bayan kowa ya lashe romon.

Duk shirina ke nan: wuri ɗaya a kan tabarma. Kuma ina da hanya. Matata 'yar unguwar Mafoni ce a Yerwa, Barbarci a bakinta kamar ruwa, kawunta kuwa tela ne, shi ke ɗinka wa babban fatoman kifi riguna. Na sa an rubuta masa wasiƙa, ya aiko cewa mu zo.

Ana nan sai Saje, babbanmu a bariki, ya tare ni a bayan sito. Shi ma tare za a sallame mu. Ya yi shekara ashirin da biyu, ya yi yaƙin Bama can ƙetaren teku, yana da lambobin da in ya jera su a ƙirji sai sun yi ƙara. Ya bar ƙauyensu tun yana saurayi, matarsa ta rasu, ba ɗa ba jika. Mutum ne da ba ya wanka a inda muke yi, ba ya alwala a gabanmu, ko salla a ɗakinsa yake yi. Muna cewa girman kai ne. Kowane wata sai ya karɓi safa fiye da rabonsa a wurina, ni kuwa na ɗauka sayarwa yake yi, na kawar da kai.

Ya ce, "Kofur, na ji kana da shiri."

"E, Saje."

"Ka sa ni a ciki."

Da muryar da yake cewa a fito da barguna ya faɗa. Amma na ga yana murza hularsa a hannu. Lokacin da nake kurtu zazzaɓi ya taɓa kayar da ni a tafiyar daji, shi ya ɗauki bindigata da jakata ya haɗa da nasa har muka isa. Ko ba don wannan ba, kofur ba ya ce wa saje a'a. Na ce to.

Ranar sallama aka karɓe bindiga da igiyoyin muƙami na hannun riga, aka bar wa kowa kaki ɗaya da takalmi ɗaya da ɗan abin da aka ba mu na sallama. Jirgin ƙasa bai kai Yerwa ba a lokacin, sai muka sauka Jos muka hau bayan babbar mota, ni da matata da Saje da akwatunanmu. Kwana uku muna hanya. A Mafoni Kawu ya ba mu ɗaki, Saje kuma ya samu shago a zauren maƙwabci.

Tun daga ranar farko Saje ya karɓe shirin daga hannuna, ni kuma na sakar masa kamar ba ni na haife shi ba. Ya je ya duba gidan fatoma daga nesa, ya ƙirga takun da ke tsakanin gidan da namu, ya dawo ya zana a ƙasa da tsinke. Kawu ya ce ya yi magana, mu je ranar Laraba in hantsi ya dubi ludayi, lokacin da fatoma ya gama sallamar baƙinsa. Saje ya ce hantsi ba lokaci ba ne. Ƙarfe bakwai.

Ranar Talata da la'asar na shiga ɗaki na tarar matata ta shimfiɗa babbar riga a kan gado, da hula, da takalmin fade a ƙasa. Na Kawu ne ta aro.

Na ce, "Wannan fa?"

"Abin da za ka sa gobe. In kun isa ku cire takalmi tun daga bakin hanya. Ku durƙusa. Kada ka kalli idonsa. Kada ka ambaci kifi, ko shi ya ambata ka yi kamar ba ka ji ba."

Saje yana tsakar gida a kan turmi yana goge takalminsa, kuma ya ji. Ya ce, "Kofur, gobe kaki. Mutum yana zuwa gaban babba da mafi kyawun abin da ya mallaka. Ba za mu je da rigar aro kamar maroƙa ba."

Ta ce da ni, "Ka faɗa wa Baba Saje nan ba fagen fareti ba ne."

"Ki rage murya."

"Ai na rage. In na ƙara ragewa sai dai in yi maka da hannu."

Na tsaya tsakanin gado da ƙofa. Na san ita 'yar gari ce. Na san shirin nawa ne, kawun nata ne, dama ɗaya ce. Amma saje ya ce kaki. Na fita na ɗauko takalmina na zauna kusa da shi ina gogewa. Da ta wuce za ta murhu ta ce, "A goge da kyau, ko fatoma zai ga fuskarsa a ciki ya ji daɗi."

Ƙarfe bakwai muna ƙofar gidan. Babban zaure ne, ga darbejiya a gabansa, ga ɗaurin banda jingim a jikin bango, warin hayaƙi ya cika unguwar. Takalma sun kai talatin a zube a waje. Na gan su da idona. Saje ya tsallake su, na tsallake su.

A ciki fatoma yana zaune a kan buzu a bisa tabarma, tsoho siriri, da carbi a hannu. Mutane sun kewaye shi, wasu 'yan kasuwa, wasu kuma mutanen tafki da suka iso da kaya a daren jiya, ana gaisawa a hankali, wushe wushe, lale lale, kowa kansa a ƙasa. Saje ya taka har bakin tabarmar, rabin takalminsa a kanta, ya buga ƙafa har ƙura ta tashi, ya sara. Ni ma na buga na sara a bayansa. Ya zuba wa tsohon ido kamar yadda aka koya mana, ya miƙa littafin sallamarsa daga tsaye, ya yi magana da muryar fareti. Ya ce mu tsofaffin sojoji ne, ga shaidar halinmu a rubuce, mun zo a ba mu izinin sayen kifi.

Wallahi a wurin Saje babu girmamawar da ta wuce wannan. Abin da zai yi wa janar ke nan.

Fatoma bai dubi littafin ba, bai dubi lambobin ba. Takalmin da ke kan tabarmarsa yake kallo. Ta gefen idona na ga mutum uku daga cikin mutanen tafki sun sulale ta ƙofar baya. Su a wurinsu kaki ba ya zuwa da alheri, ko haraji ne ko kamu.

Can tsohon ya ce da Hausarsa ta Barebari, a hankali, "Wa kuka zo kamawa?"

Saje ya ce ba kamu ba ne, ciniki ne.

"To. Allah ya kawo rabo."

Ya juya ya ci gaba da magana da na kusa da shi da Barbarci. Muka yi ta tsayuwa a ƙame, don ba a ce mu tafi ba. Mu ba mu saba tafiya ba sai an sallame mu. Sai da wani ɗan kasuwa ya ji tausayinmu ya ce, "Sojoji, ai an gama."

Kafin azahar labari ya gama Mafoni. Mutanen nan uku sun kwashe kayansu sun koma gidan wani fatoma, baƙin da suka yi shekara da shekaru suna sauka a wurin tsohon. Kawu ya shigo gida bai ce mini komai ba, ya naɗe rigarsa ya ɗauki fadensa ya fita. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Matata kuwa ta ajiye mini tuwo ta ce, "Ga abinci, ranka ya daɗe. A tsaye za a ci ko a zaune?"

Da yamma Saje ya kira ni zaurensa. Ya ce an wulaƙanta lambar da ya samo da jininsa, gobe za mu je ofishin Bature mu kai ƙara.

Na ce, "Ba zan je ba."

Ya ce, "Kofur."

Abin da ya fi ƙona mini rai a duk wannan labarin shi ne abin da jikina ya yi. Kafin in yi tunani dugadugaina sun haɗe, hannuwana sun manne a cinya. An karɓe igiyata, an karɓe tasa, amma ga ni a ƙame a zauren aro a Mafoni kamar jakin da ya ji sanda. Haushin wannan ne ya buɗe mini baki. Na ce masa ba shi da igiya, ni ma ba ni da ita. Na ce shirina ne ya shigo ya ɓata a safiya ɗaya. Na ce me zai rage shi in ya cire takalmi kamar kowane ɗan Adam? Na ce daga yau kowa ya kama gabansa.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "An ji." Bayan kwana huɗu ya samu gadi a wani kamfanin Turawa mai sayen gyaɗa da fatu, ya kwashe akwatinsa ya koma ɗakin masu gadi.

Ni kuma na koma wurin Kawu na durƙusa. Ya ce ba zai sake buɗe baki a kaina ba, amma hanya ta kowa ce, ba wanda zai hana ni zama a gindin bishiya. Na gane. Na sayi riga ta kaina a gwanjo. Kowace safiya sai in cire fade tun daga kwanar layin, in zo in durƙusa a bakin zauren in gaishe da fatoma, ya amsa ko kada ya amsa, in koma gindin darbejiya in zauna a ƙasa har azahar. Matata ta koya mini gaisuwar Barbarci tana dariyar harshena. Masu dako suna wucewa suna cewa, "Soja, ina bindigar?" Wani dillali mai baƙin haƙora kullum sai ya tsaya a gabana ya buga ƙafa ya sara, a yi ta dariya. Na san inda zan taɓa shi sau ɗaya ya kwanta. Na zauna. A zaman nan na koyi kifi fiye da yadda na zata: wanda ya bushe har ciki da wanda aka yi wa gaggawa, ƙarar ɗaurin da ƙwari suka shiga, wane ne ke taya da gaske da wane ne ke ɗaga farashi don wani. Amma ba koyo ya kawo ni ba, kuma abin sallamata yana ta narkewa a cefane.

Sai da na yi wajen sati bakwai, ran nan bayan mutane sun ragu fatoma ya aiko a kira ni. Na shiga da rarrafe, kaina a ƙasa. Na ce a raina yau jira ya ƙare.

Ya ce, "Ina babban naka?"

Na ce, "Baba, mun rabu. Shi ne ya yi laifin, ni bin sa na yi. Yanzu ba ruwana da shi."

Na faɗa da alfahari, ina ganin abin da yake son ji ke nan. Ya ja carbinsa.

Ya ce, "Da shi kuka zo garin nan?"

"E, Baba."

"Ya girme ka?"

"Nesa ba kusa ba."

"Ya yi kuskure sau ɗaya ka yar da shi a hanya. To ni da nake kuskure kullum fa? In na ba ka wuri, ran da na yi tuntuɓe a ina za ka yar da ni?"

Ya ce takalmi ba komai ba ne, baƙo ba ya sanin hanya. Ku biyu kuka taka tabarmar nan, ku biyu za ku dawo. In babbanka ya zo ya cire takalminsa ya zauna muka gaisa, akwai wuri. In bai zo ba, kada ka ƙara ɓata safiyarka a gindin bishiyata.

Na fito ina huci. Na yi abin da nake ganin wayo ne, na yanke igiyar da ke ja na baya, ashe ita ce ake dubawa. A bariki an hore ni in bi na gaba ko da rami zai shiga, na bi, ya jawo mini kora. Na daina bi, ya sake jawo mini kora.

Na sami Saje a ƙofar kamfanin da sanda a hannu. Ina isowa wani ɗan akawu da bai kai shekarun aikin Saje a duniya ba ya shigo a kan keke, Saje ya buga ƙafa ya sara masa. Akawun ko kallonsa bai yi ba. Na jira ya wuce, sannan na gaishe da Saje na faɗa masa abin da fatoma ya ce, ban ɓoye komai ba, har da abin da na faɗa a kansa.

Ya ce in biyo shi. Muka zaga bayan ɗakin gadi inda ba kowa. Ya zauna a kan gwangwani ya kwance igiyar takalmin hagu, ya zare. Ya zare safa ɗaya, ya zare ta biyu. Tsummoki suka zubo daga cikin takalmin. Ƙafar babu yatsu huɗu, babban kawai ya rage, sauran wurin ya haɗe ya yi sumul kamar an shafe da wuta. Ta dama ma babu biyu.

Ya ce a Bama ne. Damina guda suna cikin ruwa da taɓo ba a cire takalmi, ƙafa ta ruɓe, likita ya yanke. Ya roƙi a bar shi a aiki, aka bar shi tunda yana iya taka fareti in ya cusa tsumma.

Ya ce, "Kai ka san yankan likita ne, don na faɗa maka. Wanda ya gani a zaure me zai ce?"

Mun sani mu duka. Kuturu za a ce. Kuma wanda aka kira kuturu a kasuwar abinci ya gama.

Shekara nawa ina ba shi safa ina zarginsa da sata. Likitan soja ya san ƙafar nan, kyaftin ɗin nan yana da takardarta a gabansa ranar da ya tambaye shi me zai yi. Suka dubi mutumin da ba zai iya tsayawa a kunyar gona babu takalmi ba suka tura shi koyon haɗa taki.

Na ce, "Saje, kada ka zo. Zan nemi wata hanya."

Ya ce, "Ba kai ke ba da oda ba."

Zan faɗi gaskiya tunda na ɗauko ta. Sau ɗaya na ce kada ya zo. Ban maimaita ba. Ina son wurin nan a tabarma, kuma ba ni da wata hanyar.

Ranar Laraba da hantsi ya iso, cikin wata tsohuwar riga da ya aro wurin abokin gadinsa, da takalmin soja a ƙarƙashinta. Ran nan har lokacin zauren a cike yake. Ya zauna a dokin ƙofa a gaban kowa ya kwance igiya, bai yi sauri ba, bai ɓoye ba. Zai iya barin safa, amma Saje ba ya yin rabin aiki. Ya jera takalman a gefe, ya ninke safa ya sa a ciki, ya shiga yana ɗingishi, ya durƙusa.

Na ji motsin riguna. Waɗanda ke bakin tabarma suka janye ƙafafunsu. Dillalin nan mai baƙin haƙora ya faɗi kalmar, a hankali amma kowa ya ji.

Fatoma ya dubi ƙafar ya daɗe, kamar yadda ya dubi takalmin ran farko. Ya ce, "Wuƙa ce ta yi wannan, ba ciwo ba. Na ga irinsa a wurin masunta." Ya ce Saje ya matso. Ya ɓare goro da hannunsa ya ba shi rabi ya ci rabi. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ina gida, ina gajiya, ina baƙunta, Saje yana amsawa kansa a ƙasa. Ba wanda ya ambaci kifi. Da za mu tashi tsohon ya nuna wani gefe na tabarmar kusa da bango ya ce da ni, "Gobe ka zauna can."

Sannan ya ce da Saje, a gaban kowa, don ba mutum ne mai rufa-rufa ba, "Kai kuma gidana gidanka ne, ka zo mu gaisa duk ran da ka so. Amma kada ka taɓa kaya. Ni na san abin da na gani. Kasuwa ba ta sani ba, kuma ba ta tambaya."

Haka kuwa aka yi. Kafin sati ya zagayo maganar ta isa kamfanin. Ba su kore shi ba, sai suka ɗauke shi daga babbar ƙofa suka mai da shi bayan rumbun fatu inda ba mai wucewa sai ƙuda. Mai tuwon da yake saye a wurinta ta ware masa kwano. A masallaci, da ya fara zuwa tunda ba sauran abin ɓoyewa, sai a bar tazara tsakaninsa da na kusa.

Ni kuwa na zauna a tabarma. Ɗan kudun nan ya cika alkawari, ƙanensa ya karɓi kayana na farko, ya karɓi na biyu. Lokacin da jirgin ƙasa ya iso Yerwa ina da rumbuna na kaina. Na je na ce wa Saje rabin abin nan nasa ne, ya bar gadin. Ya ce shi ba ya cin abin da bai yi wa aiki ba, kuma an hana shi taɓa kaya, to aikin me zai yi? Na kawo dabaru, ya ƙi duka. Abu ɗaya ya yarda da shi. Kowace Juma'a bayan an sauko matata takan yi miyar banda, in ɗauka in kai bayan rumbun fatu, mu zauna a inda leburori za su gan mu, mu sa hannu a kwano ɗaya. Wasu abokan ciniki sun yi mini magana a kan haka. Na ce wanda kifina bai yi masa ba ga kasuwa nan da faɗi. Ba don kirki nake yi ba, don haushi ne, ina so su gani. Shi kuwa in na iso sai ya dubi rana ya ce, "Kofur, ka makara."

Shekara shida muka yi a haka. Da ya rasu masu wankan gawa na unguwar suka yi ta noƙe-noƙe, sai ni da Kawu muka yi masa. Akwatinsa ni aka ba, don ba wanda ya zo nema. Lambobin suna ciki a naɗe cikin safa, da littafin sallamarsa, wanda ya miƙa wa fatoma ba a karɓa ba. Ban taɓa buɗe shi ba sai ran nan. Na sa aka karanta mini gidan sana'a. Manomi, Konduga. Mutumin da bai taɓa jin sunan garin ba sai a bakina. Ashe tun ranar ofis, kafin ya tare ni a bayan sito yana murza hula, ya riga ya ce wa akawun nan ya rubuta masa inda ya rubuta wa kofur ɗinsa. Akawun kuma ya rubuta, ya kira na gaba.